Yadda motar gudu za ta riƙe kwana a titin Damagaram ba tare da an zubar da kuɗi ba

Motar gudu da ke isowa Damagaram, ko BMW E46 ce, ko Golf GTI, ko Toyota Celica, ko Peugeot 406 mai ƙofa biyu, yawanci ta riga ta ci shekarunta a Turai kafin ta sauka Kotonu ko Lome a koro ta zuwa nan. Injin yana nan da ƙarfinsa, shi ya sa mai ita ke jin daɗinta a miƙaƙƙen titi. A kwana ne asirinta ke tonuwa: ta kwanta gefe guda, hancinta ya ƙi bin sitiyari, ko bayanta ya riƙa rawa bayan ta taka rami. Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya sa manyan janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, ya kuma dusar da motar ƙasa. Waɗannan biyun su suka fi cin kuɗi, kuma a irin hanyoyinmu su suka fi lalata tuƙi. Kafin a ƙara wa mota wani abu, sai an mayar mata da abin da shekaru suka cinye, kuma akwai tsarin da ya kamata kuɗin ya bi.

Duk abin da mota ke yi, tashi da tsayawa da shan kwana, ta wuri huɗu take yin sa, inda taya ta taɓa ƙasa, kowane wuri bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ba ya ƙaruwa daidai da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi. A ɗauki kwanar da ke da mita 50 daga tsakiyar da'irarta zuwa titi. Da taya mai kyau a kan busasshiyar kwalta mai tsabta, mota za ta iya shan ta da gudun kilomita 75 a awa. In rairayi ya rufe kwaltar, riƙon ya ragu zuwa ƙasa da rabi, iyakar ta dawo wajen kilomita 50. Wanda ya san hanyar Tanut lokacin hunturu, ko titunan Zango da Sabon Gari bayan ruwan Agusta ya kwaso yashi ya zube a bakin kwalta, ya san wannan ba lissafin takarda ba ne. Babu wani ƙarfe da za a ɗaura wa mota ya sa taya ta kama yashi.

Abu na biyu da ya kamata a gane shi ne yadda nauyi ke ƙaura. In an sha kwanar hagu, nauyin mota yana komawa kan tayoyin dama. Tayar da aka ninka wa nauyi ba ta ninka riƙonta, ƙarin da take bayarwa bai kai abin da ta ciki ta rasa ba. Saboda haka duk ɓangaren motar da nauyi ya fi ƙaura a kansa, gaba ko baya, shi ke fara saki. In gaba ya fara saki, direba na murza sitiyari amma hancin motar na tafiya miƙe, wannan shi ne tura hanci. In baya ya fara, gindin motar ne ke zamewa waje yana neman ya wuce gaba. Kamfanoni da gangan suke tsara mota ta ɗan tura hanci, domin direba in ya tsorata ɗaga ƙafa yake yi daga totur, kuma hakan na dawo da hancin kan hanya. Zamewar baya kuwa sai hannun da ya ƙware.

Taya ce ta cancanci kaso mafi tsoka na kuɗin. Akwai tarko babba a tayoyin gwanjo da ke shigowa daga Turai: da yawa daga cikinsu na lokacin ƙanƙara ne. Ana gane su da hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, sau da yawa tare da haruffan M+S, ga kuma ƙananan tsage-tsage birjik a kan zanen. An haɗa robarsu ne don ta yi laushi a sanyin da ke ƙasa da digiri 7. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40 kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, wannan robar takan yi taushi fiye da kima, zanen ya riƙa lanƙwashewa a kwana, sitiyari ya zama kamar ana tuƙi a kan katifa, birki ya yi nisa, tayar kuma ta cinye da wuri. Zurfin zanenta ne ke ruɗar mai saye.

A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida a wannan ranar tamu a bar ta, ko da zanenta na nan, domin robar ta bushe, kuma in aka matsa gefenta da yatsa za a ga ƙananan tsagu kamar faso. Sai harafin gudu da ke ƙarshen lambar girma: H na nufin kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Ko mutum ba zai taɓa kai wannan gudun ba, tayar V ko W ta fi juriyar zafi, gefenta kuma yawanci ya fi tauri, abin da ake nema ke nan a kwana. Inda aka rubuta Temperature a nemi A. Zurfin zane mafi ƙaranci da dokar Turai ta yarda da shi milimita 1.6 ne, amma da damina kada a bari ya sauka ƙasa da milimita 3.

Tayoyin gaba biyu su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya, haka na baya. In kuɗin bai kai na huɗu ba, a sayi biyu a sa su a baya, ko da motar da gaba take ja. Mutane da yawa na gardama a kan wannan, amma dalilin a fili yake: gaban da ya saki ana iya kamo shi da sitiyari da rage gudu, bayan da ya saki ba ya jiran kowa. A kuma tsaya a kan mai faci lokacin ɗaurawa. Tayar da ke da kibiya a gefe dole kibiyar ta bi yadda take juyawa, wadda aka rubuta wa Outside kuma wannan fuskar ce ke kallon waje.

Iska kyauta ce ko kusa da kyauta, kuma ita aka fi wasa da ita. Mai facin bakin hanya da ya saba da motocin haya da na kaya yakan dura kilo uku ko fiye, ya buga tayar da ƙarfe ya ji ta yi ƙara, ya ce ta yi. Ga motar gudu wannan ya yi yawa: tsakiyar tayar kaɗai ke taka ƙasa, motar na tsalle a kan gargada, riƙo ya ragu. Adadin da kamfani ya sa yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a bayan murfin tankin mai, yawanci tsakanin kilo 2.1 da 2.5. A sayi ma'aunin iska na kai a ajiye a mota, a auna da sassafe kafin a motsa. In an je wurin mai faci sai a ce masa: “Malam, sa mini biyu da ɗigo uku gaba da baya, ga ma'aunina mu gwada da shi.” Tayar da ta yi tafiya ta yi zafi takan nuna ƙarin 0.2 zuwa 0.3, kuma wannan daidai ne, kada a sace iskar. Duk canjin digiri 10 a yanayi na sauya iskar da kusan 0.1, don haka abin da aka dura da rana a watan Mayu ba shi za a tarar da asubahin Janairu ba. Hanya mai sauƙi ta sanin ko iskar ta yi kaɗan ita ce a ja layi da alli daga kan zanen zuwa gefen taya, a sha kwana kaɗan, a sauko a duba. In allin ya goge har ya gangaro gefe, tayar na kwanciya a kan kafaɗarta, a ƙara 0.1 a sake gwadawa.

Batun manyan janti lissafi ne kawai. Taya mai lamba 205/55 R16, wato ta janti mai inci 16, tsayin gefenta kusan milimita 113 ne. Mai 225/45 R17 tana da 101, mai 225/40 R18 kuma 90. Dukansu tsayinsu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, wajen santimita 63, abin da ke sauyawa shi ne yawan robar da ke tsakanin janti da bakin rami. Gajeren gefe na sa sitiyari ya amsa da sauri a titi mai santsi, gaskiya ne. Amma rami guda a hanyar Magarya ko ta Matamai ya isa ya lanƙwasa janti 18, ya fitar wa taya ƙari a gefe. Ƙari ga haka, manyan jantin kwaikwayo masu araha sun fi na kamfani nauyi, kuma duk kilon da aka ƙara a ƙafar mota aiki ne aka ƙara wa amortisa, wato shoka, wajen mayar da tayar ƙasa bayan ta yi tsalle. A ganinmu 16 ko 17 su ne iyaka a nan. Wanda motarsa ta zo da 18 ya samu na 17 na asali da suka wuce kan birkinsa, ya ci riba.

Bayan taya sai a shiga ƙarƙashin motar. A ɗaga ƙafa ɗaya da jak, a sa mata madogari mai ƙarfi, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. In akwai wasa, ko rulma ce, wadda ƴan kasuwar Kano ke kira boris, ko rotil ɗin ƙasa, wato mahaɗin mai kan ƙwallo da ke haɗa ƙafa da hannunta. A sake kama ta hagu da dama. Wasa a nan na nuna rotil ɗin sitiyari ko sandar da ke shiga kiremaye, ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi. Sannan a sa dogon ƙarfe a ɗan banƙara kowane silanbulok, wato robobin da ke riƙe hannuwan ƙafa a jikin mota, ana haskawa da tocila. Robar da ta tsage, ko ta rabu da ƙarfenta, ko man cikinta ya tsiyaye, ta gama aiki. Illarta ita ce a tsakiyar kwana ƙafar na sauya inda ta dosa da kanta, direba bai murza komai ba motar ta karkata. A BMW E46 robar bayan hannun gaba da ta dogon hannun baya sanannu ne wajen mutuwa da wuri, kuma ya kamata a duba ƙarfen ƙasan motar inda gadon ƙafafun baya ke ɗaure, domin yakan tsage a wannan samfurin.

Akwai kuskure ɗaya da ake yawan yi a garaji wanda ke kashe sabon silanbulok cikin ƴan watanni. Bakanike ya ɗaura hannu, ya ɗaure notin tam alhali motar na rataye a kan jak, ƙafar na lilo. Da an sauke ta, robar ta murɗe tun kafin a tashi, kuma a murɗe za ta zauna har ta yage. Daidai shi ne a ɗaura notin sako-sako, a sauke motar ta tsaya da nauyinta a kan ramin garaji, sannan a ɗaure. Game da robobin roba mai tauri masu launin ja ko rawaya da ake talla, suna sa sitiyari ya yi kaifi, amma da giris suke aiki, kuma giris in ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar sanfefa, ya ci robar ya ci ƙarfen, ga ƙara. A sandar daidaito, wadda ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, kaɗai muke ganin amfaninsu a nan. Sauran wuraren a sa roba irin ta kamfani daga masu yin ta na ƙwarai, irin su Lemförder.

Amortisa, ko shoka a bakin masu sayar da kaya a Kano, ba ita ke ɗauke da nauyin mota ba, aikin sifirin ne wannan. Ita aikinta ta hana sifirin ci gaba da lilo, ta danne taya a ƙasa. Wadda ta mutu takan bar tayar na dukan ƙasa tana tashi, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe komai. Alamunta: mai na tsiyaya a jikinta, zanen taya ya cinye tudu da kwari in an shafa da hannu, motar ta yi lilo sau biyu ko uku bayan tudun rage gudu, hanci ya nutse sosai in an taka birki. Danna mota da hannu a ga ko za ta yi lilo ba ya kama sai wadda ta mutu murus. Ana canza su biyu-biyu, tare da kofin samansu, da robar da ke tare su in sun nutse ƙarshe, da rigar da ke kare sandar daga ƙura. Wannan rigar a Damagaram ba ado ba ce, in babu ita yashi zai cinye bakin amortisar cikin lokaci kaɗan. Sachs, KYB ko Monroe na asali sun isa su dawo da motar yadda take. Mai ƙarin hali ya nemi Bilstein B6, mai bututu ɗaya da gas, wadda ta fi jure zafi a doguwar gargada kuma an yi ta don motar da ba a dusar ba. Amortisar gwanjo caca ce, ba a ganin cikinta.

Sai an gama duk wannan ake zuwa saitin ƙafa, abin da ake kira faralelizim, domin duk hannun da aka kwance saitin ya tashi. Kusurwa biyu ne suka fi shafar kwana. Ta farko ita ce yadda tayoyi ke kallon juna in an hango su daga sama. In hancinsu ya ɗan matso ciki, mota na tafiya a miƙe cikin natsuwa. In ya buɗe waje, tana saurin shiga kwana amma tana yawo a hanya tana cin taya ta ciki. A gaba a bar shi a sifili ko ɗan matsowa ciki kamar milimita 1 jimilla. A baya kullum ya kalli ciki kamar yadda kamfani ya rubuta, kada a yarda ya buɗe ko kaɗan, domin bayan da ya buɗe shi ke juya mota. Ta biyu ita ce jinginar taya in an dube ta daga gaba. In samanta ya ɗan jingina ciki da digiri 1 zuwa 1.5, lokacin da motar ta kwanta a kwana tayar waje za ta zauna daram a kan faɗinta. Motoci da yawa masu ƙafar MacPherson, wato wadda amortisa da sifirin ke haɗe wuri guda, ana samun wannan da noti na musamman mai doro, wanda kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Fiye da digiri 2 a motar yau da kullum cin taya ne kawai, musamman ga mai yawan doguwar tafiya a kan RN1 zuwa Maraɗi. Hagu da dama kada su bambanta da fiye da rabin digiri.

Inda babu na'urar saiti, zare na iya fitar da mutum. A samu daɓe mai lebur, a miƙe sitiyari a ɗaure shi, a ja zare biyu a gefen motar daidai tsayin tsakiyar janti, a tabbata tazarar da ke tsakanin zaren biyu ɗaya ce gaba da baya kuma motar na tsakiyarsu. A auna daga zare zuwa leɓen janti ta gaba da ta baya. A janti 17, bambancin milimita 1 kusan digiri 0.13 ne. Bayan kowane gyara a tura motar gaba da baya ƴan mitoci kafin a sake aunawa. Motar da ke da ESP kuma, wato na'urar da ke kama birki da kanta don hana zamewa, in sitiyarinta ya karkace bayan saiti, sai an daidaita na'urar da ke karanta juyawarsa da kwamfuta, in ba haka ba za ta riƙa kama birki a inda bai dace ba.

A nan ne kaɗai ya dace a fara maganar sauya wani abu daga yadda kamfani ya yi, kuma sandar daidaito ce mafi araha. Ita ce sandar ƙarfe da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, tana murɗewa in motar ta kwanta. Taurinta na hawa da sauri ƙwarai in kauri ya ƙaru: daga milimita 22 zuwa 24, ƙarin milimita 2 kacal, taurin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Ƙa'idar ita ce duk ɓangaren da aka ƙara wa tauri shi zai fara saki. Mota mai ja da gaba irin Golf ko Celica da ke yawan tura hanci, ƙarin kauri kaɗan a baya na sa ta juya da daɗi. Mai ja da baya irin BMW ba a taɓa bayanta shi kaɗai. Sau da yawa ana samun sandar samfurin da ya fi ƙarfi na wannan motar a wurin masu kayan gwanjo, ta shiga ba tare da walda ba. A tuna sanda mai kauri sosai na ɗaure ƙafafun biyu wuri guda, ramin da ƙafa ɗaya ta faɗa sai duk motar ta ji shi. Mataki ɗaya ya isa, kuma a canza biyelet ɗin da ke riƙe bakinta a lokaci guda.

Dusar da mota kuwa, garin neman gira ake rasa ido. Yanke sifirin da abin yankan ƙarfe, ko gasa shi da wutar walda har ya zauna, na lalata ƙarfen, ya bar hagu da dama ba daidai ba, sifirin ma na iya fita daga mazauninsa in ƙafar ta sauka rami. Ko da sifirin da aka ƙera don dusarwa aka sa, motar da ta sauka ta rasa tazarar da amortisa ke aiki a ciki. A tsakiyar kwana, in ta taka tudu ta dira kan robar ƙarshe, ƙafar ta zama kamar an yi mata walda, riƙon ya ɓace nan take. A ƙafar MacPherson, in hannun ƙasa ya wuce kwance ya fara kallon sama ta wajen taya, motar na ƙara son kwanciya maimakon ta rage. Sannan ga kartar mai, wato tukunyar mai da ke ƙarƙashin inji, da ke kusantar kowane tudun rage gudu da kowane dutsen da ya leƙo a lungunan Birni. Wanda ya nace kada ya wuce milimita 25 zuwa 30, da sifirin da amortisar da aka yi don juna, ya kuma sake saitin ƙafa. Faranti da ake sa wa a bayan janti don tayar ta fito waje na ƙara wa rulma wahala, yana sa sitiyari fizga a rami. Fiffiken bayan but da sandar da ake gicciyawa a kan inji su ne na ƙarshe a layi, a gudun da ake yi a titi da wuya a ji bambancinsu.

Birki na cikin maganar kwana, domin kafin a shiga ake rage gudu, ba a tsakiya ba. Man birki na shan danshi. Mai irin DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, wanda ya sha ruwa kuma na iya tafasa a 155, feda ta nutse. A canza shi duk shekara biyu daga sabuwar kwalba da ba a buɗe ba, kuma kada a haɗa shi da DOT 5. A kwashe tarkacen but, amma a bar safaya da jak.

Duk canjin da aka yi a gwada shi shi kaɗai, a fili ko hanyar da babu kabu-kabu, babu amalanke, babu dabbobi, a kwana ɗaya da aka sani, da gudun da bai kai iyaka ba, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A rubuta iskar da aka sa da awon saiti a takarda a ajiye a mota. Notin janti a ɗaure su da sifana mai awo, a gicciye ba a jere ba: BMW E46 da Golf na son kusan Nm 120 a awon sifanar, Toyota da yawa 103. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, kamar zuwa Mirya da dawowa sau biyu, a sake bin notin, a leƙa ƙarƙashi a duba duk abin da aka kwance.